Kalangun Malam Ubale a Kampung Baru

Ranar Laraba, washegarin Babbar Sallah, 21 ga Yuli, 2021, wajen ƙarfe goma na safe, Walida ta kira ni a waya. Shekara goma sha biyu ina koya mata Hausa a ajinmu na Asabar a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, amma ban taɓa ji ta fara magana da ni da Hausa a waya ba sai ranar. Cewa ta yi, "Malam, Abah ya rasu." Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Mahaifinta, Malam Ubale Hambali Funtuwa, ya cika a asibiti bayan kwana tara yana fama da cutar korona. Shekarunsa hamsin da bakwai, talatin da shida daga ciki a Malesiya ya yi su.

Malam Ubale, ba mu yi maka wanka ba, ba mu ɗauki makararka ba. Ma'aikata cikin fararen kayan kariya su suka yi maka sutura, aka bar matarka Salmah da 'yarka suka tsaya daga nesa. Mu kuwa kowa ya yi maka salla a falonsa, don dokar kulle ta hana fita. Ba a shimfiɗa tabarmar zaman makoki ba, balle mu zauna mu faɗa wa juna abin da muka sani a kanka. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, yau kwana arba'in da rasuwarka.

Duk ɗalibin arewa da ya sauka Kuala Lumpur a shekarun nan ya san tsohuwar motarka mai ruwan toka. Kai ne kake zuwa filin jirgi ka ɗauko yaro da akwatunansa, ka wuce da shi kedai ɗin mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, ka zaunar da shi ka ce ba za a yi maganar makaranta ba sai ya makan. A nan kake koya masa kalmomi ukun da ka ce sun ishi baƙo a makon farko: makan idan yana jin yunwa, tapau idan yana so a ƙulle masa ya tafi da shi, boleh idan ya yarda. Aikinka na kula da na'urorin ɗakin gwaji ne a jami'a, babu wanda ya ɗora maka ɗawainiyar ɗalibai. Ni aka ɗora wa, amma sau da yawa kafin labarin matsalar yaro ya iso ofishina kai ka riga ka warware ta.

Da kulle ya yi tsanani a bana, har mutane suka fara rataye farin ƙyalle a taga don a san abinci ya ƙare musu, ka ce mini ɗalibanmu na unguwar Bukit Jalil ba za su rataye ba ko da za su kwana uku da yunwa, kunya ba za ta bar su ba. Sai kai da Salmah kuka shiga tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe kowace Litinin da Alhamis, kuna aikawa da masu babur, don dokar ba ta yarda mutum ya wuce kilomita goma daga gidansa ba. A kan kowace roba kana rubuta sunan yaro da hannunka. Ka ce idan babu suna zai ɗauka sadaka ce, idan da suna zai san saƙo ne daga gida.

Wannan Ubalen shi muka sani. Akwai wani da ban sani ba, kuma ban yi zaton akwai shi ba, sai kwana biyar bayan rasuwarka.

Walida ce ta sake kira na. Ta ce wani dattijo mai suna Hisham ya buga wa mahaifiyarta waya yana kuka. Hisham ɗin nan shi ne mai jita a ƙungiyar Bumbung Zink, wato Rufin Kwano, ƙungiyar makaɗan rok da babu direban tasi a ƙasar nan da bai haddace waƙoƙinta ba. Yana roƙon a ara musu kalangun da ke rataye a ɗakinka, domin idan an buɗe gari suna so su yi taron tunawa da kai su ajiye shi a gaba. Walida ta ce ba za ta bayar ba. Ta san tun tana ƙarama cewa ka taɓa zama cikinsu, ta kuma san babu sunanka a jikin kaset ɗinsu na farko. Abin da ta yi imani da shi tsawon rayuwarta shi ne sun ci moriyarka ne, da suna ya zo suka yar da baƙo baƙar fata. Hujjarta kuwa ita ce wani ɗan kiɗa da kake bugawa da yatsu a ƙofar ɗakinta kowace asuba, da kan sitiyari idan kana jiran ta a bakin makaranta. Shi ne kiɗan da babbar waƙarsu take buɗewa da shi. Ta ce mutum ba ya shekara ashirin yana buga abu ɗaya sai in an ƙwace masa shi ne, yana ci masa rai.

Ta ce in bincika mata. Idan gaskiyarta ce, za ta rufe kalangun a akwati ta toshe lambar Hisham. Na ga yarinya tana shirin ɗaukar ƙiyayyar mutane huɗu ta haɗa da maraici, sai na ce ta ba ni mako biyu. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Mun sha shayi tare da kai ya fi sau ɗari, ba ka taɓa ce mini ka hau dandamali ba.

Da Hisham na fara. Mun yi hira ta bidiyo sau uku, shi yana gidansa a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayu da ke tsakiyar birni, gashin nan da aka san shi da shi duk ya yi fari. Na tambaye shi inda ya samo ka, sai ya yi dariya har ya share hawaye.

Ya ce Babbar Sallar 1986 ce. A nan ƙasar ba kowa ke yanka ragonsa a gida ba, unguwa ce take haɗuwa a harabar masallaci a kayar da shanu, maza su yi ta fiɗa. Kai kuma kana ɗalibi ɗan shekara ashirin da biyu, ka zo sallar idi, ka tsaya kana kallon mutum talatin suna aikin nama shiru, babu abin da ake ji sai sarar adda. A Funtuwa mahaifinka makaɗin mahauta ne, kuma a saninka ba a fiɗar sa babu kalangu, don shi ke sanar da gari an yi yanka, shi ke ƙara wa mahauci ƙarfin hannu. Sai ka ɗauka makaɗin unguwar ne bai zo ba. Ka hau mota ka koma ɗakinka, ka ɗauko kalangun da ka taho da shi a cikin akwati, ka dawo ka tsaya a gindin bishiyar mangwaro ka fara kiɗa, don ka fitar da su kunya. Hisham ya ce duk addunan suka tsaya cak. Liman ya leƙo. Wani tsoho ya tambaya ko wani abu ne ya sami yaron. Kai kuwa da ka ga an tsaya, sai ka ɗauka ba su ji da kyau ba ne, ka ƙara ƙarfi.

Hisham yana riƙe da cinyar bijimi a lokacin. Ya ce bai taɓa jin ganga tana hawa tana sauka kamar muryar mutum ba. Ya ajiye cinyar, ya bi ka har tashar mota da jini a hannunsa, yana tambaya da guntun Turancinsa ko za ka zo ka ji jitarsa. Wurin da yake atisaye wata rumfa ce mai rufin kwano a bayan gidan kakarsa, idan ana ruwa ba a jin komai sai kwanon. Daga nan sunan ƙungiyar ya fito.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kuka samo sauran. Hisham ya so a liƙa takarda a shagunan kaset a ce ana neman gwanaye. An liƙa, gwanaye suka zo. Amma kai kana da hanyarka ta gwaji, wadda ka gada. Sai ka buga gajeren kiɗa ka tsaya, ka zuba wa mutum ido. Wanda ya cika shirun nan da nuna bajintar yatsunsa, sai ka yi masa godiya ka raka shi ƙofa. Ka ce wa Hisham a gidanku ba a neman wanda ya iya kiɗa, ana neman wanda ya iya amshi, wanda zai ji abin da aka faɗa ya mayar da daidai shi. Hisham ya ce masu jita goma sha ɗaya ka sallama a wata biyu, har ya fara tunanin ko kai ne ya kamata a sallama.

Na goma sha biyun bai zo gwaji ba ma. Ah Keong ne, ɗan Sin mai gyaran rediyo, an kira shi ya duba lasifikar da ke ƙara. Yana tsugune ya ba ku baya, ka buga ka tsaya, sai aka ji ya amsa da ƙotar sukundireba a jikin akwatin lasifikar, bai ma san ya yi ba. Ka sake bugawa, ya sake amsawa. Ka ce wa Hisham ga mai babbar jitarku. Hisham ya ce ai mutumin nan bai taɓa riƙe jita ba. Ka ce wannan wata shida ne, abin da yake da shi kuwa ba a koyar da shi. Na kira Ah Keong, yanzu yana garin Ipoh wurin 'yarsa. Ya ce har yau bai yafe maka ba, don kai ka raba shi da sana'a mai kwanciyar hankali. Daga nan ya tambaye ni ko ka sha wuya a asibiti.

Mawaƙin kuwa, Najib, a cikin mota ka samo shi. A lokacin akwai ƙananan motocin haya masu ruwan hoda da ke zagaya birni, shi kuma kwandasta ne a layin Chow Kit, yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen tashoshi. Ka ce muryarsa tana ratsa ƙarar inji ba tare da ya yi ihu ba. Kwana huɗu kana hawa motarsa kana wuce tasharka. A rana ta biyar ya tare ka ya tambaya ko ɗan sanda ne kai. Najib ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya ji ƙansa, don haka daga bakin Hisham na ji wannan.

Sai na zo kan maganar suna. Hisham ya tashi ya ɗauko kaset ɗin ya kara shi a kyamara. A ƙasan sunayen mutum uku an rubuta da Malayanci: da wani aboki daga nesa. Ya ce takardar zamanka ta ɗalibi ce, ba ta ba ka izinin sana'a ba, kuma da sunanka ya fito da an iya mayar da kai gida ba digiri. Kai da kanka ka zaɓi kalmomin. Wannan ya warware rabin tambayar Walida. Sauran rabin shi ne me ya sa ka tafi a 1989, daidai lokacin da waƙar ta kama ƙasa.

Hisham ya ce shi ma shekara talatin da biyu yana wannan tambayar. Abin da ya sani shi ne wata wasiƙa ta zo maka daga gida, ka karanta a rumfar, ka ninke ta. A ƙarshen makon kuka yi wasa a babban fili, mutum kusan dubu ashirin. Ka buga buɗewar waƙar, jama'a suka amsa da tafi kamar yadda suka saba, sai aka ga ka sunkuyar da kai. Bayan an tashi ka ce ba za ka ƙara buga wannan kiɗan ba. Ya ce maka to a cire waƙar. Ka ce a'a, ta zama ta mutane. Ba ka tafi ba sai da ka yi wata uku kana neman magaji, ka samo wani saurayi Ba'indiye mai suna Selvam da ke kiɗa a bukukuwan aure, ka gwada shi da gwajinka, ka koya masa kiɗan a kan gangunan Turawa. Da Hisham ya matsa maka da tambaya, abin da ka ce kawai shi ne, "Ba za ta amsa ba." Ya ɗauka budurwa ce ta yaudare ka, kuma don ya san halinka bai ƙara tayar da zancen ba.

A nan na tsaya, don babu wanda ya rage a ƙasar nan da zan tambaya. Sai na tuna da yayanka, Malam Yahuza, a Funtuwa, wanda na yi wa ta'aziyya ta wayar jikansa. Na sake kira, bayan gaisuwa na ce, Baba, akwai abin da nake so ka saurara. Na kara wayar a jikin lasifika na sa farkon waƙar. Daƙiƙa goma bai kai ba ya ce in tsayar.

Ya ce, "Ɗana, wa ya buga taken Inna?"

Na ce ƙanensa ne, tun shekara talatin da uku da suka wuce. Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya yi mini bayani. A wurin makaɗa, take wani ɗan kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya, ya zama nasa kamar sunansa, kuma kalangu yana faɗinsa da kalmomi ga mai kunnen ji. Wannan na mahaifiyarku ne, Halimatu. Mahaifinku ya tsara mata shi tun tana budurwa a dandali, kuma bai daina buga mata ba har ya bar duniya. Na roƙe shi ya faɗa mini abin da kalangun yake cewa. Ya rera a hankali: Halimatu 'yar Mairo, taka a sannu, gida na jiran ki. Ya ce Inna ta rasu da azumin 1989, kuma wasiƙar da ya rubuta maka ta yi mako biyar a hanya.

Ka ga yadda abin yake, Malam Ubale. Ɗalibi ne kewar uwa ta dame shi, yana zaune a rumfar kwano yana kiran ta da kalangu, abokansa suka ji daɗin kiɗan suka ɗora waƙa a kai. Bai faɗa musu ba, wataƙila don bai san yadda zai fassara ba, wataƙila don yana jin daɗin a ce duk Malesiya tana tafa wa wata mai sayar da fura a Funtuwa ba ta sani ba. Da ta rasu sai ya kasa tsayawa gaban taro yana kiran wadda ba za ta amsa ba.

Kafin mu yi sallama Malam Yahuza ya ƙara da wani abu, kamar wanda yake faɗin abin da kowa ya sani. Ya ce ai yanzu taken na takwararta ne, don a gidansu wanda ya ci suna shi ke cin take. Sai a lokacin na tuna cewa Walida ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne da ake sa wa yarinyar da ta ci sunan kakarta, don kada uba ya riƙa kiran sunan mahaifiyarsa gatsau. Sunanta a fasfo Halimatu. Na kira Salmah na tambaye ta yaushe ta fara ji kana buga kiɗan nan. Ta ce shekara uku na farkon aurenku ba ta taɓa ji ba, ko a rediyo aka sa sai ka canza tasha. Ranar sunan Walida ta fara ji, kana bugawa da yatsa a jikin ƙarfen gadon jaririyar.

Na faɗa wa Walida duk wannan ta bidiyo, ita da mahaifiyarta suna zaune a falonku, kalangun yana rataye a bayansu. Na rera mata kalmomin, ta sa na maimaita sau uku tana rubutawa. Sai ta tambaye ni, cikin Hausarta mai gauraye, yadda ake amsa take. Na ce Baba Yahuza ya ce idan mai shi ta ji, sai ta miƙe ta tako.

Ta ce, "To ai ina tashi, Malam. Kullum da asuba ina tashi. Sai dai ina gunaguni lah."

Ta yi dariya, daga nan ta kifa kanta a cinyar mahaifiyarta. Washegari ita da kanta ta kira Hisham ta ce masa boleh, amma da sharaɗi biyu. Ita za ta kawo kalangun da hannunta ta koma da shi, kuma kafin a buga buɗewar waƙar za a faɗa wa jama'a sunan matar da suke tafa wa. Ta ce mini da ta gaya masa ma'anar kiɗan, sai da ya ajiye wayar ya sake kira.

Na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba sa son a haɗa sunan mamaci da kiɗa. Ban rubuta don in yi gardama da kowa ba. Na rubuta abin da na samu ne game da mutumin da na yi sahu ɗaya da shi shekara goma sha biyar, wanda ya ciyar da yaranmu a lokacin da kowa yake tsoron ƙofar maƙwabcinsa. Ɗalibaina kuma, ku da har yanzu iyayenku suke raye, ku tambaye su abin da suke yi kullum wanda ba ku gane ba. Ni da ke zaune da shi a teburin shayi ban tambaya ba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Ubale ɗan Hambali. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka sa jinyar da ya yi shi kaɗai ta zama kankarar zunubi, ka karɓe shi cikin shahidan annoba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa tuwon da ya aika wa 'ya'yan mutane ya tarar da shi a mizani. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa Halimatu da mahaifinsa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Salmah, da yayansa Malam Yahuza da dukan dangi a Funtuwa, da Hisham da Ah Keong da Selvam, da ɗaliban da ya ɗauko daga filin jirgi, waɗanda ba zan iya ƙirga su ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya ɗauke mana wannan annoba, ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma Halimatu, Allah ya raya ki, ya yi miki albarka. Ki taka a sannu.

Zahraddeen Daso
Taman Melati, Kuala Lumpur
30 ga Agusta, 2021